Nick Saban ya sauya wurin aiki sau 12, me ya sa ƙaurar ɗan wasa ta zama laifi?

Ranar 10 ga Janairun 2024 Nick Saban ya tara 'yan wasan jami'ar Alabama ya shaida musu cewa ya ajiye aikin koci. Shekarunsa 72 a lokacin, da kofin ƙasa bakwai a hannunsa, ɗaya a jami'ar LSU, shida a Alabama. Babu kocin da ya taɓa tara haka a babban rukunin ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka, har da tsohon kocin Alabama Bear Bryant da mutanen jihar ke ɗauka kamar waliyyi, wanda ya tsaya a shida. Tun daga ranar wata magana ta samu gindin zama a bakin masu sharhi da tsofaffin magoya baya, wai kuɗi da 'yancin da aka ba 'yan wasa ne suka kori gwani, suka kuma lalata wasan. Ni dai ban yarda da rabi na biyu na wannan magana ba. Saban gwani ne na gaske, amma ginin da ya yi ya tsaya ne a kan wata doka da ta ɗaure yaro wuri guda ta kuma hana shi albashi, alhali shi kocin yana tafiya duk inda farashi ya fi. Tarihin aikinsa ma ya isa shaida.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kowane ɓangare na da mutum 11 a fili mai tsawon yadi 100. Masu riƙe da ƙwallo suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, idan sun ci a sake ba su huɗu, idan sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, buga ta tsakanin sanduna maki 3. Masu kai hari daban, masu tsaro daban, kuma ana tsayawa bayan kowane yunƙuri a sake shiri. Wannan tsayawar ce ta sa hannun koci ya fi nauyi a nan fiye da a tamaula, domin kusan kowane motsi daga gefen fili ake aiko da shi. A jami'a ake wasan, amma filin Alabama yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma kwangilar talabijin ta gasar SEC da suke ciki ta ɗaruruwan miliyoyin dala ce a shekara.

An haifi Saban a 1951 a jihar Bajiniya ta Yamma, yankin masu haƙar kwal. Mahaifinsa na da ɗan gidan mai, yana kuma horar da ƙungiyar yara. A sakandaren Monongah shi ne mai jefa ƙwallo, madugun masu kai hari, kuma sun ci kofin jiha a 1968. Da ya je jami'ar Kent State a jihar Ohayo sai aka mayar da shi cikin masu tsaron can baya, waɗanda ke bin masu cafe ƙwallo. Gajere ne, ba shi da jikin da ƙungiyoyin ƙwararru ke nema, kuma ba wanda ya neme shi. Yana ɗalibi a can ranar 4 ga Mayun 1970 lokacin da dakarun tsaron jiha suka harbe ɗalibai huɗu a zanga-zangar yaƙin Biyetnam. A 1972, ƙarƙashin koci Don James, ƙungiyarsu ta ci gasar yankinsu. Tauraron ƙungiyar Jack Lambert ne, wanda daga baya ya yi suna a ƙungiyar ƙwararru ta Pittsburgh Steelers. Shi Saban niyyarsa ya shiga harkar sayar da motoci, sai dai matarsa Terry tana da sauran shekara guda a makaranta, don haka da Don James ya yi masa tayin zama ƙaramin mataimaki a 1973 sai ya karɓa don ya cike lokaci.

Daga nan sai yawo. Kent State zuwa 1976, Syracuse shekara ɗaya, jami'ar West Virginia biyu, Ohio State biyu inda aka sallame shi tare da wasu mataimakan tsaro bayan kakar 1981, makarantar sojan ruwa shekara ɗaya, Michigan State biyar, ƙungiyar ƙwararru ta Houston Oilers biyu. A 1990 ya samu kujerar babban koci karon farko a Toledo, ya ci wasa 9 ya faɗi 2, ya tattara kayansa bayan kaka ɗaya tak ya koma ƙungiyar ƙwararru ta Cleveland Browns wurin abokinsa Bill Belichick. Yaran da ya shiga gidajensu a Toledo ya zauna da iyayensu ya ce su ba shi amana, bai kai ga ganin shekararsu ta biyu ba.

A Cleveland ne ya ƙera abin da masu sana'ar suka fi girmama shi a kai, kuma ya kamata a tsaya a nan, domin a cikinsa amsar take. A 1994 Browns sun fi kowace ƙungiya tsaro a gasar ƙwararru ta NFL, maki 204 kawai aka ci su a wasa 16. Duk da haka Steelers sun doke su sau uku a kakar, 17 da 10, 17 da 7, sannan 29 da 9 a wasan sili-ɗaya-ƙwale. Matsalar lissafi ce. Idan ka ajiye mutum biyu a can baya, mutanen da ke kusa da layi ba za su isa tare masu gudu da ƙwallo ba. Idan ka sauko da ɗaya ka raba bayan fili gida uku, kowa ya tsare yankinsa, sai abokan hamayya su saki mutum huɗu su miƙe a guje, mutum uku ba za su tare huɗu ba, na tsakiya ya rasa wanda zai bi cikin biyun da suka ratsa gefensa. Idan kuma ka ce kowa ya kama mutuminsa, to sai in yaranka sun fi nasu gudu, kuma suna iya gitta wa juna su sa masu tsaronka karo.

Maganin da Saban da Belichick suka fito da shi shi ne a fara da tsaron yanki, amma tafiyar mai cafe ƙwallo ce za ta faɗa maka ko ka koma bin mutum. Ana ƙirga masu cafewa daga bakin layi zuwa ciki, na ɗaya, na biyu, na uku. Mai tsaron gefe yana riƙe da na ɗaya duk inda ya nufa, sai fa idan ya karya ciki tun bai yi yadi 5 ba. Wanda ke daga ciki yana kallon na biyu, idan ya miƙe sai ya manne masa kamar shi kaɗai aka ba shi, idan ya karya ciki da wuri sai ya ɗaga murya ya miƙa shi ga na tsakiya, shi kuma ya koma yankinsa. 'Yan tsakiya suna lura da na uku. Kiran Rip na nufin mai tsaron baya ya sauko ta dama, Liz kuma ta hagu. A takarda abin ya yi kyau, kuma yau da wuya ka samu babbar ƙungiya da ba ta amfani da wani nau'insa.

Inda yake lalacewa kuma sananne ne. Mutum bakwai ne za su karanta abu ɗaya cikin daƙiƙa biyu su yanke hukunci iri ɗaya. Idan ɗaya ya ga mai cafewa ya karya a yadi 4, ɗayan ya ga a yadi 6, to mutum biyu za su bi ɗaya, wani ya tafi shi kaɗai babu mai bin sa. Idan abokan hamayya suka motsa mutum daga dama zuwa hagu kafin a saki ƙwallo, na biyu ya zama na uku, duk ƙirgen ya sake, ga filin da mutum dubu ɗari ke ihu ba ka jin na kusa da kai. Yaro ɗan shekara 18 da ya fito daga sakandare ba ya iya wannan a wata uku. Yana buƙatar atisayen bazara 15 da doka ta yarda da su, da sansanin watan Agusta, da sa'o'i masu yawa gaban bidiyo, sannan ya sake maimaitawa a shekara ta biyu. Tsarin Saban yana cin shekaru kafin ya nuna, don haka yana buƙatar yaron da ba zai tafi ko'ina ba. Shi kuma mai tsarin, daga Cleveland ya koma Michigan State a 1995.

A can ya gaji ƙungiyar da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta sa wa takunkumi. A Nuwambar 1998 suka je gidan Ohio State, wadda ke matsayi na ɗaya a ƙasar, suka doke ta 28 da 24. Kafin wasan wani likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar, Lionel Rosen, ya ba shi shawara a daina nuna wa yara allon maki, a ce musu yunƙuri ɗaya bai fi daƙiƙa bakwai ba, su yi aikinsu a cikinsa, su manta da shi, su fuskanci na gaba. Wannan ne tushen abin da ya riƙa wa'azi a kai har ya yi ritaya. A 1999 suka ci wasa 9 suka faɗi 2, kafin a buga wasan ƙarshe na kakar ya karɓi tayin LSU na dala miliyan 1.2 a shekara. Ya ci kofin ƙasa a can a kakar 2003, ya tafi Miami Dolphins a ƙarshen 2004.

Shekaru biyunsa a Dolphins su ne gwajin da masu yabonsa ba sa son a daɗe a kai. Ya ci wasa 15 ya faɗi 17. Akwai uzuri na gaske, domin a 2006 likitocin ƙungiyar sun ji tsoron kafaɗar mai jefa ƙwallo Drew Brees, aka ɗauki Daunte Culpepper mai ciwon gwiwa, Brees ya je New Orleans ya zama abin da ya zama. Amma dalili mafi girma na cikin tsarin gasar ne. A NFL ƙungiyar da ta fi rauni ita ke fara zaɓen sababbin 'yan wasa, zakara ya zaɓa a ƙarshe, kowa na da zaɓi ɗaya a zagayen farko, akwai kuma iyakar albashin da ba a tsallakewa. 'Yan wasan manya ne masu kwangila da ƙungiyar ƙwadago. A jami'a kuwa wanda ya fi ƙarfi shi ke kwasar yaran da suka fi kyau, ko goma ne a shekara guda. Ranar 21 ga Disambar 2006 ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa ba zai zama kocin Alabama ba. Ranar 3 ga Janairun 2007 ya karɓi aikin, shekara takwas a kan dala miliyan 32.

Abin da ya gina a garin Tuscaloosa masana'anta ce. Doka ta ba kowace jami'a guraben tallafin karatu 85 a ƙungiya, da kimanin sababbi 25 a shekara. Saban ya ɗauko ma'aunin ƙwararru ya ɗora a kan yaran sakandare, kowane gurbi da tsayinsa da nauyinsa da gudunsa. Mai tsaron baya sai ya cika abu uku: ya iya kayar da mai ƙwallo, ya iya auna ƙwallo a sama a can nesa, ya iya bin mutum shi kaɗai. Wanda ya rasa ɗaya, ko jaridu sun cika da sunansa, ba a ɗaukarsa. Doka ta ƙayyade mataimakan da ke horarwa a fili, tara ne sannan aka mayar goma a 2018, amma ba ta ƙayyade masu nazarin bidiyo a ofis ba. Sai ya cika ofis da su, har da manyan kocin da aka kora a wasu wurare irin su Steve Sarkisian da Mike Locksley da Butch Jones, suna tsefe abokan hamayya makonni kafin a haɗu. Kakar farko sun sha kashi shida, har da na kunya a hannun Louisiana-Monroe. Ɗibar sababbin yara ta 2008 ta kawo Julio Jones da Mark Ingram da Dont'a Hightower, a 2009 suka ci kofi ba tare da an doke su ko sau ɗaya ba. Sai 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Daga 2011 zuwa 2017, shekara bakwai a jere, ɗibar Alabama ce ta ɗaya a jadawalin shafin 247Sports mai auna ɗibar yara.

Ba wai tara yara kaɗai ya iya ba. A 2012 da ƙungiyoyi suka yawaita kai hari cikin sauri ba tare da sun taru sun yi shawara ba, tsaronsa ya shiga uku. Dokar ita ce idan masu hari ba su canza mutum ba, alƙali ba zai jira masu tsaro su canza nasu ba, don haka ƙaton da ya haura kilo 150 wanda aka tanada don tare gudu sai ya maƙale a fili yunƙuri goma a jere yana haki, kiran tsaro mai sarƙaƙiya kuma ba ya isowa daga gefe a kan lokaci. Texas A&M da Johnny Manziel suka doke su 29 da 24 a gida. Saban ya yi ƙorafi, ya tambayi ko haka ake so wasan ya koma, ya kuma goyi bayan wata doka a 2014 da za ta tilasta jiran daƙiƙa 10 kafin a saki ƙwallo. Dokar ba ta wuce ba. Sai ya ɗauko Lane Kiffin ya riƙe masa hari, ya fara neman masu tsaro marasa nauyi masu gudu. Ƙungiyar 2011 ta ci kofi ne da tsaron da ake ci kimanin maki 8 a wasa, ta 2020 kuwa da harin da ke zuba sama da 48. A wasan ƙarshe na Janairun 2018, Georgia na gaba da 13 da nema a hutun rabin lokaci, ya zaunar da mai jefa ƙwallonsa Jalen Hurts wanda sau biyu kawai aka taɓa doke shi, ya sa sabon yaro Tua Tagovailoa, suka ci 26 da 23. Kocin da ke tsoron bakin mutane ba zai yi wannan ba.

To amma a duba benci. Derrick Henry ya yi shekara biyu a bayan T.J. Yeldon kafin ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'a, a 2015. Mac Jones ya zo a 2017, sai 2020 ya zama na farko tun daga buɗe kaka. Josh Jacobs ya tafi NFL a zagayen farko alhali yawancin zamansa ba shi ke fara wasa ba. Ƙarfin Alabama shi ne na biyu da na uku a kowane gurbi za su iya zama taurari a wata jami'ar, kuma zamansu a benci riba biyu ce, suna nan idan wani ya ji rauni, ba sa kuma sanye da rigar abokin hamayya. Me ya zaunar da su? Wasu haƙuri da imani da tsarin, babu shakka. Amma doka ma ta taimaka ƙwarai. A lokacin, ɗan wasan da ya sauya jami'a sai ya zauna shekara guda ba ya wasa. Kafin Oktoban 2018, sai da izinin makarantarsa wata jami'a za ta yi magana da shi ta ba shi tallafi, koci kuma na iya rubuta jerin wuraren da bai yarda ya je ba. A 2016 Maurice Smith ya kammala digirinsa a Alabama, ya nemi ya bi tsohon kocinsa na tsaro Kirby Smart zuwa Georgia, Saban ya ƙi sakinsa, sai da iyalinsa suka kai maganar gaban 'yan jarida aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin ya sassauta. Shi Smart da ya tafi da duk sirrin tsaron Alabama a kansa, ba wanda ya ce ya zauna shekara guda.

Ƙofar kuma ta gefe ɗaya take buɗewa. Daga 1973 har zuwa wajen 2012 tallafin karatu na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa ko a ƙi. Manyan jami'o'i kan ɗibi yara fiye da guraben da suke da su, sannan kafin Agusta a san yadda aka yi lissafi ya dawo 85. A 2010 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Alabama ta mayar da 'yan wasa aƙalla 12 zuwa tallafin marasa lafiya tun zuwan Saban, wato yaro ya ci gaba da karatu kyauta amma ya bar ƙungiya, gurbinsa ya buɗe, kuma wasu cikinsu sun ce an matsa musu ne. Jami'ar ta ce hukuncin likitoci ne. Ko ma wane ne ke da gaskiya a kan kowane yaro, dokar ta ba koci hanyar rabuwa da wanda bai yi masa ba, ta hana yaro hanyar rabuwa da kocin da bai yi masa ba.

Sai batun kuɗi. A takarda ɗan wasa ba ya wuce sa'a 20 a mako, sa'a 4 a rana, da hutun kwana ɗaya. Amma ranar wasa sa'a 3 ake ƙirga ta ko da ta cinye yini, tafiya ba ta cikin lissafi, jinya ba ta ciki, kallon bidiyon da ake kira na ganin dama ba ya ciki, kuma kowa ya san abin da ke samun wanda bai ga dama ba. Kafin 2021 ladan wannan shi ne kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai, sai ɗan kuɗin kashewa da aka ƙara a 2015. Digiri ba abin rainawa ba ne, kuma Alabama ta yaye 'yan wasa da yawa a zamanin Saban, ta kuma aika sama da 40 zagayen farko na NFL. Sai dai ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne ake zaɓa zuwa can. Sauran sun ba da gwiwa da kafaɗa da kai a shekarun da sunansu ya fi daraja, a lokacin da doka ta hana su karɓar ko sisi don sa hannu a riga mai lambarsu. Kwangilar Saban ta 2022 kuwa dala miliyan 93.6 ce a shekara takwas. Ban ce bai cancanta ba, ɗaliban jami'ar sun tashi daga kimanin 25,000 zuwa kusan 40,000 a zamaninsa. Tambayar ita ce me ya sa kasuwa ta halatta ga mutum ɗaya a filin ta haramta ga 85.

Kotu ce ta amsa. Jihar Kalifoniya ta yi dokarta ta barin 'yan wasa su ci kuɗi da sunansu a 2019. A Afrilun 2021 NCAA ta yarda ɗan wasa ya sauya jami'a sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba. A Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA a shari'ar Alston, mai shari'a Brett Kavanaugh ya rubuta cewa irin wannan tsarin kasuwanci haramun ne ƙarara a kusan kowace sana'a a ƙasar. Ranar 1 ga Yuli aka buɗe wa 'yan wasa damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu. Masu bin tamaular Turai za su tuna hukuncin Bosman na 1995 kan 'yancin sauya kulob, da irin kukan da shugabannin kulob suka yi cewa wasa ya mutu.

Saban ya fara da abin da ya saba, ƙorafi da baki, gyara da hannu. Ya ɗauko Jameson Williams daga Ohio State, Henry To'oTo'o daga Tennessee, Jahmyr Gibbs daga Georgia Tech. Shi ne ya sanar a Yulin 2021 cewa Bryce Young ya kusa tara dala miliyan ɗaya tun bai fara wasa a matsayin na farko ba, kuma duk yaron sakandaren da ke sauraro ya gane saƙon. A Mayun 2022 da Texas A&M ta sha gabansa a ɗiba, sai ya ce sayen 'yan wasanta ta yi kaf. Laifi tudu ne. Bayan Michigan ta fitar da su 27 da 20 ranar 1 ga Janairun 2024, ya shaida wa tashar wasanni ta ESPN cewa kashi 70 zuwa 80 na yaran da ya zauna da su abu biyu suke tambaya, tabbacin za su yi wasa da kuma nawa za a biya su. Ya ambaci shekarunsa ma, kuma wannan dalili ne na gaskiya. Amma tambayoyin nan biyu su ne dai waɗanda wakilinsa ya yi wa LSU da Dolphins da Alabama a madadinsa, wane iko zai samu, nawa ne kuma albashin.

Akwai inda yake da gaskiya, kuma bai kamata a share ba. Abin da ya biyo bayan 2021 rikici ne. Attajiran magoya baya sun kafa asusu suna biyan yara da sunan talla alhali kowa ya san ladan wasa ne. Ana zawarcin ɗan wasan wata jami'a ta bayan fage a tsakiyar kaka. Ana yi wa yaro alkawarin baki, ya iso ya tarar babu. Wanda ya sauya makaranta sau uku yakan rasa wasu darussan da ya riga ya ci, digiri ya yi nisa. Da yawa sun shiga rajistar masu neman sauyi ba su samu inda ya ɗauke su ba, sun saki na hannu. Ta fuskar wasa kuma, tsaro irin na Rip da Liz yana wahala idan rabin masu tsaron bayanka baƙi ne kowace shekara, dole koci ya rage kira ya sauƙaƙa. Shi kansa ritayar Saban ta nuna yadda abin yake, domin doka ta buɗe wa 'yan wasansa kwana 30 na sauya jami'a, Caleb Downs ya tafi Ohio State, Isaiah Bond ya tafi Texas, sabon koci Kalen DeBoer ya iso yana ƙirga wanda ya rage.

Sai dai duk waɗannan cututtukan rashin kwangila ne, kuma jami'o'in ne suka ƙi kwangila shekara da shekaru, domin kwangila na nufin amincewa cewa yaron ma'aikaci ne. NFL ba ta da wannan hargitsi saboda akwai yarjejeniya tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa, wadda ta sa iyakar albashi da dokar sauya sheƙa suka tsaya a gaban kotu. Sulhun shari'ar House da mai shari'a Claudia Wilken ta amince da shi a Yunin 2025 ya kawo biyan diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga tsofaffin 'yan wasa, ya ba kowace jami'a damar raba kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko ga 'yan wasanta kai tsaye, ya kuma maye gurbin iyakar tallafi 85 da iyakar mutum 105 a ƙungiya. Ci gaba ne, amma iyaka ce da aka sa ba tare da 'yan wasan sun zauna a teburin a matsayin ƙungiya ba, don haka ƙofar ƙara a kotu tana nan a buɗe.

Idan ana son yaro ya zauna shekara uku ya koyi karatun mai cafewa na biyu da na uku, hanyar a bayyane take. A rubuta masa kwangilar shekara biyu ko uku da adadin kuɗi a fili. A sa kuɗin fansa ta ɓangare biyu, idan ya tafi jami'ar da ta ɗauke shi ta biya, idan aka sallame shi a cika masa ragowar. A ɗauki nauyin jinyar raunin wasa na wasu shekaru bayan ya gama, a bar masa gurbin karatu har ya kammala ko da ya daina wasa. Idan babban koci ya tafi, kwangilar yaran ta buɗe. Ba sabon abu ba ne a harkar, haka ake rubuta wa masu horarwa. Da Texas A&M ta kori Jimbo Fisher a Nuwambar 2023, ragowar kwangilarsa da ta wajaba a kanta ta haura dala miliyan 75, kuɗin da ya ninka abin da jami'a za ta raba wa duka 'yan wasanta a shekara fiye da sau uku.